Baƙuwar Goggo Atu

Litinin, 19 ga Azumi, bayan La'asar. Tambuwal.

Jiya na iso. Na yi alkawarin rubutu da Hausa don hannuna ya saba, tunda boko a wurin ɗaliban Najeriya da muka yi karatun jinya tare na koye shi, kuma har yanzu alƙalami yana so ya fara daga dama.

Ƙungiyar da ta ɗauke ni aikin sa-kai ta sauke ni a gidan Malam Mannir, jami'in lafiya da zai riƙa duba aikina. Ɗaki aka ba ni a sashen mahaifiyarsa, Goggo Atu. Da na durƙusa na gaishe ta, sai ta riƙe haɓa tana kallona.

"Mannir, kai kac ce Balarabiya anka kawo muna. Wagga ai Hausa taka yi irin ta kakata."

Aka yi dariya, ni ma na yi. A Umdurman, garinmu a Sudan, Bafallata ake ce mini, sunan da suke kiran masu asalin ƙasashen nan na yamma. Yau da safe yara sun biyo ni har bakin titi suna "Balarabiya, Balarabiya". Na gaya wa Goggo cewa kakata daga ƙasar nan aka ɗauke ta a goye kan hanyar aikin Hajji, iyayenta suka yada zango a Sudan, zangon bai ƙare ba. Ta tambayi sunan garin. Ban sani ba. Ta ce ba komi.

Garin ba ya shiru. Manyan motoci na ta wucewa a babban titi, 'yan kabu-kabu a kan babura kamar an zubo su daga buhu, ko'ina ƙamshin albasa da mangwaro. Zafin irin namu ne, sai dai babu kogi. Idona na ta neman ruwa a ƙarshen kowace hanya. Gaisuwa kuwa ba ta ƙarewa: gida, gajiya, ibada, zafi, baƙunta. Kafin in amsa ɗaya an jefo uku.

Laraba, 21 ga Azumi, kafin shan ruwa. Kebbe.

Namadi, wani dattijon ɗan kabu-kabu mai rataye da rediyo a wuya, shi ya kawo ni. Ban san ina da ƙasusuwa da yawa haka a baya ba sai da na hau hanyar nan. Lafayata fara ta koma ja.

Asibitin ƙarami ne, ɗakin haihuwa gado biyu. Anti Mu'minatu ce ke riƙe da shi, doguwar mace mai murya kamar tana kiran wani daga ƙetaren gona. A ɗakinta zan riƙa kwana ranakun aiki, ƙarshen mako in koma Tambuwal. Ta nuna mini inda komai yake, sannan ta kai ni bayan tankin ruwa ta ce, "Nan ne ofishin waya. In kina son sabis ki tsaya nan, ki ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa."

Na tsaya na rantse. Saƙon Yaya Mudassir ya shigo, muryarsa da ƙarar gidan burodi a bayansa: "Daktora, an sace ki ko tukuna? Umma ta hana ni barci. Ki aiko hoto ta ga kanki na nan a wuyanki."

Umma ta yi kwanaki tana kuka kafin in taso, wai zan tafi ƙasar da ake ɗauke mutane a hanya. Shi ya lallashe ta. Shi ya kai ni filin jirgi, da gari a gashin girarsa.

Juma'a, 23 ga Azumi, bayan Magariba. Tambuwal.

Na jiƙa wa Goggo abin shan da na zo da shi daga gida. Ta kurɓa, ta daɗe tana juya shi a baki, ta ce, "Maganin mi ne?" Ta tura mini kunun tsamiya. A nan kowa cikin gidansa yake shan ruwa. Na ba ta labarin yadda maza a unguwarmu ke shimfiɗa tabarma a titi su tare motoci da rawani, dole matafiyi ya sauka ya ci. Ta ce mutanen kirki ne amma za su sa a yi haɗari.

Ina son gahawa. Ba wanda ke shanta.

Asabar, 24 ga Azumi, hantsi.

Malam Mannir ya yi sallama a ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ko na duba wayata. Ya ce rediyo na cewa ana harbe-harbe a Khartum, ƙetaren kogi da Umdurman ɗinmu, tun safe, har filin jirgi.

Na ce ai mun saba, kwana biyu ne a sasanta.

Asabar, bayan La'asar.

Na kira ya fi a ƙirga. Sau ɗaya ta shiga. Umma ce ta ɗauka, tana magana ƙasa-ƙasa kamar akwai mai barci kusa. Ta ce suna ƙarƙashin gado ita da maƙwabciyarmu. Na ji abin a bayanta. Ba zan rubuta yadda yake ba.

Na ce ina Yaya? Ta ce yana gidan burodi, ina kuma zai kasance.

Litinin, 26 ga Azumi, da rana. Kebbe.

Awon ciki tun safe. Mata daga ƙauyukan wajen Fakku, wasu a kan babur su uku. Ɗaya ta kama bakin lafayata tana murzawa, ta ce a ƙasarku kowa haka yake naɗewa kamar gawa? Anti Mu'minatu ta daka mata tsawa. Matar ba ta san komai ba. Na yi mata murmushi, na auna ta, na fita bayan tanki.

Na samu Yaya a waya. Na ce ya rufe wurin nan ya zauna gida.

"In na rufe, me unguwa za ta yi buɗa-baki da shi? Duwatsu?"

"Yaya, don Allah."

"Daktora, ke kula da masu cikinki. Ni da nawa cikunan. Garin da ke nan zai kai mu Sallah, kafin nan masu faɗan sun gaji."

Ya tambaye ni ko gaskiya ne a nan ana cin tuwo safe da dare. Na ce gaskiya ne. Ya yi dariya har da tari. Daga nan layin ya yanke.

Laraba, 28 ga Azumi, bayan Azahar.

Babu ruwa a famfunansu. Babu wuta. Yaya na cajin waya da batirin motar wani.

Na share ɗakin haihuwa sau biyu. Na jera magunguna, na wargaza, na sake jerawa. Anti Mu'minatu na ta kallona.

Namadi ya rage muryar rediyonsa da ya hango ni. Da ma bai rage ba.

Alhamis, 29 ga Azumi, La'asar. Tambuwal.

Gari ya cika da masu ɗinki da masu lalle. A kasuwa ba wurin sa ƙafa, ana ta jan awaki, teloli sun fito da kekuna har bakin hanya. Goggo ta sa an yi mini zane da riga irin na jikokinta. Ban san lokacin da aka auna ni ba.

Saƙon Yaya na yau gajere ne. Ya ce maƙwabta na haɗa mota zuwa garin Madani, kudu da Khartum, bayan Sallah, zai sa Umma a ciki ko tana so ko ba ta so. Na ce kai fa? Ya turo hoton burodi guda, ya ƙone a gefe.

Juma'a, ranar Sallah, bayan saukowa daga idi.

Na sa kayan. Na je. Na yi ta cewa barka da Sallah.

A filin idi wani ya buga bindigar gargajiya. Na tsinci kaina a tsugune, hannuna a ka, ni da ban ji ko harbi ɗaya da kunnena ba sai ta waya. Goggo ta ɗaga ni ta kaɗe mini zane, ta ce wa matan da ke kallo, "Takalmi ne ya ba ta wahala."

An ce an tsagaita wuta saboda Sallah. Umma ta ce ita ba ta ji an tsagaita ba.

Lahadi, 3 ga watan Sallah, safe.

In saƙo ya tafi bai isa ba, alama ɗaya yake nunawa a gefe. Tun jiya da yamma alama ɗaya.

Lahadi, Azahar.

Alama ɗaya.

Litinin, 4 ga wata, Magariba.

Goggo ta ce in ci. Na ci. Ta ce wannan ba ci ba ne, ta zauna a gabana har na gama.

Malam Mannir ya ce an ce layukan ƙasar gaba ɗaya ne suka lalace, ba nasu kaɗai ba. Ya faɗa sau uku, kowane da irin muryarsa.

Talata, 5 ga wata, bayan La'asar. Kebbe.

An kawo wata mata daga wajen Fakku, haihuwa ta biyar, tun jiya take naƙuda. Anti Mu'minatu ta ce in riƙa sauraron bugun zuciyar ɗan. Ina saurare, wayar na aljihuna, sai na ji kamar ta motsa. Na ciro. Ba komai. Na mayar. Na sake cirowa.

Anti Mu'minatu ta miƙo hannu, ba ta ko kalle ni ba.

"Kawo."

"Anti, ko da za a..."

"Nan ciki babu sabis, kin sani, na sani. Kawo. In mun ƙare ni da kaina nika raka ki bayan tanki."

Na ba ta. Ta jefa a aljihun rigarta. Ɗan ya zo da cibiya a wuya, shiru, jikinsa saɓule. Na karɓe shi na share masa baki, na yi ta murza bayansa, na sa masa abin hura iska. Ban tuna komai ba a lokacin, ko Umdurman, ko sunana. Da ya tsala kuka sai uwar ta ce, "Mi anka samu?" Anti ta ce namiji. Ta ce, "To, kuma," ta juya ta yi barci.

Mun je bayan tanki tare. Ta ɗaga mini wayar da nata hannun don ta fi ni tsawo.

Alama ɗaya.

Laraba, 6 ga wata, hantsi.

Namadi ya zo da murna, ko babur bai kashe ba.

"Malama, albishirinki! Rediyo ta ce gwamnati ta aika motoci a kwaso mutanenmu. Su Hajiya na tafe in sha Allahu."

Na ce masa ɗaliban Najeriya ake kwasowa. Mu 'yan can ne.

"To ba Hausawa ne ba?"

Na ce Hausawa ne. Ya tsaya yana jiran sauran bayani.  Ya ce Allah shi kyauta, ya tura babur ɗinsa da ƙafa har ya fita daga harabar.

Alhamis, 7 ga wata, bayan Isha'i kaɗan. Tambuwal.

Abin da na yi yau.

Na ce wa Anti kaina na ciwo, na dawo Tambuwal da rana. Goggo na gidan suna. Na zuba kaya a jaka na tafi tasha na shiga motar Sakkwato. Nufina daga Sakkwato in nemi Kano, daga Kano in nemi kowane jirgi da ya nufi gabas, daga nan in san yadda zan yi. Har na zauna a tsakanin wata mai kaji da wani malamin makaranta ban tambayi kaina daga nan ɗin ina ba.

Malamin ya ji harshena ya tambaye ni. Na gaya masa. Ya ce, "To in kin isa, wace ƙofa za ki shiga? Su suna neman fita." Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

A Dogon Daji na ce direba ya tsaya. Na sauka na zauna a kan jakata ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, kusa da masu sayar da rake. Motoci na wucewa ta nan da ta can. Na daɗe. Wata mai fura ta matso mini da inuwar laimarta. Daga baya na kira Malam Mannir.

Ya zo da kansa. A hanya bai yi mini faɗa ba, zancen rigakafin ƙyanda na mako mai zuwa ya yi ta yi, wace unguwa za a fara, wa zai riƙe akwatin sanyi. Sai da muka shigo gari ya ce, "In kina son tafiya, ki faɗa mini, ni zan kai ki ta hanyar da ta dace. Amma kada ki sake bari tsohuwar nan ta dawo ta iske ɗaki wayam."

Goggo na zaune a bakin ƙofata. Ta dubi jakar, ta dube ni.

"Kin sha iska?"

Na ce na sha.

"To shiga ki yi salla."

Asabar, 9 ga wata, safe.

Alama ɗaya. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Lahadi, 10 ga wata, La'asar.

An yi hadari ta gabas, iska ta tashi, aka yi tsawa, ruwa bai sauka ba. Kowa na duban sama yana murna. Ni na shiga ɗaki na toshe kunne.

Litinin, 11 ga wata, Azahar. Kebbe.

Baƙuwar lamba ta kira. Umma ta isa Madani.

Ita kaɗai.

Talata, 12 ga wata, bayan La'asar. Tambuwal.

Zan rubuta sau ɗaya yadda Umma ta faɗa mini.

Ranar Talatar da ta wuce, da safe, Yaya ya ɗauki jarkoki biyu a baro zai ɗebo ruwa a bakin kogi, saboda babu ruwan kwaɓa gari kuma babu na sha. Bai yi nisa da kan kwanarmu ba. Ba a san daga ina harsashin ya fito ba, ba a san na wane ɓangare ba ne. Maƙwabta suka ɗauko shi a cikin baron. Ba hanyar zuwa maƙabarta, sai suka yi masa salla su shida, suka binne shi a gefen filin ƙwallon unguwa. Kwana biyu bayan haka suka sa Umma a mota. Yanzu tana wani ajin makaranta da mata da yara da ba ta sani ba. Wayar wani saurayi ta ara.

Talatar da ta wuce da safe ina awon ciki. Da rana na karɓi haihuwa. Na duba abin da na rubuta a ranar, na sake dubawa.

Umma ta kira sunana ta ce, "Nasiha, ki zauna inda kike. Kin ji ni? Ki bar mini guda a wurin da na san yana numfashi."

Jiya Anti Mu'minatu ce ta riƙe ni a bayan tanki. Ita ta rufe ɗakin magani ta hau bayan Namadi tare da ni, mu uku, har Tambuwal, hannunta a cikina kada in faɗo.

Laraba, 13 ga wata, kafin Magariba.

Da asuba na ji ana jan tabarmi. Na leƙo na ga an share tsakar gida an shimfiɗa har bakin rijiya, an ɗora babbar tukunya. Na ce Goggo, me ake yi?

"Rasuwa anka yi muna."

Na ce ai ba wanda ya san shi a nan.

"An san ki. Sa lulluɓinki ki fito ki zauna nan kusa gare ni."

Malam Mannir ya gaya wa liman bayan sallar Asuba. Kafin hantsi maza sun cika ƙofar gida, ina jiyo fatiha tana tashi tana sauka. Mata suka yi ta shigowa, maƙwabta, matan ma'aikatan lafiya, tsofaffin da ban taɓa gani ba, kowace ta durƙusa ta ce ya haƙuri, Allah shi jiƙan shi, Allah shi sa ya huta. Wasu da kwanon abinci a ka. Wajen Azahar Anti Mu'minatu ta iso da mata huɗu daga Kebbe da Fakku, ƙafafunsu jajur da ƙasar hanya.

Wata tsohuwa ta matso ta ce, "Shi marigayin, mi shika yi?" Na ce burodi yake gasawa. Ta ce yana da iyali? Na ce da an sa rana bayan Babbar Sallah. Ta ce dogo ne ko gajere? Na fara ba ta amsa, sai na ga duk an yi shiru ana saurare. Na ba su labarinsa. Yadda yake waƙa ba murya, yadda ya sayar da babur ɗinsa shekarar da na shiga makarantar jinya ya ce wai ya gaji da shi ne. Har dariya aka yi a wani wurin. Ni ma.

Bayan La'asar lambar saurayin nan ta sake kira. Umma ta ce, "Hayaniyar me nake ji?"

Na ce masu gaisuwa ne.

"Gaisuwar wa?"

"Ta Yaya."

 Ta ce ita ko mutum ɗaya bai zauna da ita ba, a ajin nan kowa da nasa mamacin, ba wanda ke tambayar wani. Ta ce, "Ba ni babbarsu."

Na miƙa wa Goggo. Goggo ta riƙe wayar da hannu biyu, ta ɗaga murya kamar Madani na bayan katanga.

"Hajiya, ya haƙuri? Ya haƙurin rashi? Ɗiyarki na nan hannunmu, kada ki sa ta cikin tunaninki. Ga mu zaune, gida ya cika. Ki ji."

Ban ji abin da Umma ta ce ba. Na ga dai Goggo na share ido da bakin zane tana cewa awo, awo. Da ta gama ba ta maido mini ba, ta miƙa wa ta kusa da ita. Waccan ta yi gaisuwa ta miƙa gaba. Wayar ta yi ta zagawa tabarma bayan tabarma, kowace mace ta faɗi sunanta da unguwarsu kafin ta yi ta'aziyya, kamar Umma za ta rama zuwa wata rana.

Ta ƙarshe wata ce daga Fakku, ban san sunanta ba. Tana cikin addu'a na ga fuskar wayar ta yi baƙi, caji ya ƙare. Ba ta lura ba. Ta ci gaba, ta roƙa masa hasken kabari, ta roƙa wa Umma haƙuri da hanyar komawa gida, ta roƙa wa ƙasarmu sanyi, mata na amsawa da amin. Sai da ta shafa sannan ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Hajiya ta yi shiru, kuka takai."

Na karɓa. Na ce na gode, Hajiya ta ji.